Ranar da Aka Ɗauki Genzo

"Kar ki ja ni ta hammata, Amarya, ni ba buhun shinkafa ba ne."

Tokie ta gyara tsayuwa. Ta sake cusa hannuwanta a ƙarƙashin kafaɗunsa ta ja, har ta samu ta jingina bayansa da dakalin katakon da ke zauren gidan, inda ake tuɓe takalma. Fuskarsa ta koma kalar toka, gumi na tsattsafo masa a goshi duk da sanyin safiyar. Takalmin roba ɗaya yana ƙafarsa, ɗayan yana can gefe a kife.

"Tun yaushe kake nan a ƙasa?"

"Yanzun nan. Na sunkuya zan sa takalmi, sai ƙasar ta taso ta tare ni."

"Ƙarya kake yi, Yaya Genzo. Dubi rigarka ta jiƙe sharkaf. Ina ne ke maka ciwo?"

Ya dafa ƙirjinsa. "Nan. Kamar an ɗora mini gungume. Kuma yana gangarowa ta hannun nan."

Shekara hamsin da ɗoriya ke nan da aka kawo Tokie gidan da ke jikin nasa, tana 'yar budurwa daga wani ƙauyen masunta. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, kanta ya yi fari fat, amma a bakin Genzo har gobe ita Amarya ce. Shi kuwa ya ba tamanin baya da daɗewa. A dawa ya ƙarar da ƙarfinsa, yana dasa dogayen itatuwan katako da ake kira sugi yana sare su, tun ana jan gungume da doki har aka zo zamanin inji. Tun rasuwar matarsa Yae yake zaune shi kaɗai, kuma kullum safe Tokie takan leƙo ta ga ko ya buɗe tagoginsa. Yau da ta ga a rufe suke, ta shigo ba sallama.

Ta lulluɓe shi da bargo, ta tura masa matashi a baya, ta ɗauki wayarta ta fita da ɗan gudun da ƙafafunta suka yarda da shi.

Kwana da kwanaki ana tafka ruwa da iska a garinsu, Sugidani, kafin guguwar ta wuce jiya da yamma. Wutar lantarki ta ɗauke, wayar gida ta mutu. Da asuba kowa ya ji wani irin rugugi daga ƙasan kwari, kwanuka suka yi ta kaɗawa a kan kanta, sannan aka wayi gari da labarin gefen dutse ya zaftare ya binne hanyar mota, ita kaɗai ɗin da ke fita daga garin. Yanzu ruwan ya tsagaita, sai hazo fari mai kauri da ya sauko ya zauna a kan rufin gidaje. Wayar hannu ba ta kamawa sai a filin tsohuwar makarantar firamare, wadda aka rufe tun da yaro na ƙarshe ya gama. Can Tokie ta tsaya cikin ciyawa tana haki.

Yarinyar da ta ɗauki wayar a ofishin agaji tana da murya mai sanyi. Ta yi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Mama, ki saurare ni da kyau. Motar asibiti ba za ta iya ƙetare wurin da ƙasa ta rufta ba. Jirgi mai saukar ungulu kuma ba zai tashi ba sai hazon ya yaye."

"To yaushe zai yaye?"

"Ba mu sani ba, Mama. Ki yi haƙuri."

"Haƙurin ba ni zan yi ba, 'yata. Mutum ne kwance."

Tokie ta jiyo yarinyar tana magana da wani. Da ta dawo ta ce akwai tsohuwar hanyar ƙafa da ke haura tudu ta sauka ta ɗaya gefen, wajen tsohuwar gada. In akwai masu ƙarfi a garin da za su iya ɗauko shi ta nan, mota za ta jira su a bakin gadar.

"Masu ƙarfi," in ji Tokie.

"I, Mama. Matasa haka."

Tokie ta dubi tagogin makarantar da aka toshe da katako. Ta ce, "To. Za mu duba."

Tana ajiyewa, wayar ta yi ƙara. Chizuru ce, 'yar Genzo tilo, wadda ke aiki a birnin Nagoya. Tun da iska ta lafa ta kamo hanya da motarta don ta ga yadda mahaifinta ya kwana, ga ta can a ƙasan kwari, 'yan sanda sun tare hanya da igiya. Tokie ta gaya mata abin da ake ciki ba tare da ta yi kwana-kwana ba. Chizuru ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Mama Tokie, ku kawo mini shi. Don girman zumunci ku kawo mini shi."

Mutum uku aka samu. Isamu, mai unguwa, ya zo da tsohuwar hular kwanonsa ta 'yan kashe gobara na sa-kai, kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa. Sakuji mai kiwon zuma ya zo yana ɗingishi, gwiwarsa ɗaure da ƙyalle. Na ukun shi ne Bunta, wanda duk garin ke kira Auta, domin shekararsa sittin da takwas kacal. Sauran mazan garin, wani yana jan iska ta roba a hanci, wani bai san ranar da ake ciki ba. Suka saro gora biyu miƙaƙƙu a bayan gidan Genzo, suka naɗe bargo a kansu suka ɗaure da igiya.

Genzo ya buɗe ido ya kalli abin da suka shigo da shi.

"Makara kuka kawo mini tun da sauran numfashina?"

"Haba Baba," in ji Bunta, "makara ai ta masu nauyi ce. Kai ko kaza ta fi ka auki."

"Ji ɗan banza. Ku mai da gorarku inda kuka saro ta. Ba inda za ni. A ɗakin nan aka haife ni, a nan Yae ta cika. Ku dai taimaka ku kai ni shimfiɗata."

"Me ya ce?" Isamu ya tambaya yana karkato kunnen da ke ji.

"Ya ce ba zai je ba!" Sakuji ya ɗaga murya.

Tokie ta durƙusa a gabansa tana sa masa ɗaya takalmin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Chizuru tana can ƙasa. Tun safe take tsaye a bakin igiyar 'yan sanda."

"Wa ya aike ta?"

"Ba wanda ya aike ta."

Ya ja numfashi da ƙyar. Shekara da shekaru Chizuru na roƙonsa ya koma wurinta, har ɗaki ta gyara masa mai kallon rana, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya, wai tsohon icce ba ya dasuwa. Zuwanta na ƙarshe sun rabu ba daɗi, ta shiga mota ba ta waiwayo ba.

"To," ya ce. "Ku ɗauko mini hulata. Ba zan shiga gari da kai a buɗe ba."

Gora biyu, baki huɗu, maza uku. Tokie ta ɗaura ɗankwali, ta rataya flas ɗin shayi a wuya, ta kama bakin hagu na baya. Isamu ya buɗe baki zai yi magana, ta harare shi, ya rufe.

Matan da suka rage a garin sun fito ƙofofin gidajensu. Suka dinga sunkuyar da kai yayin da ake wucewa da shi, Genzo kuma yana ɗaga musu yatsa biyu daga cikin bargo kamar mai tafiya kasuwa.

Daga bayan maƙabarta hanyar ta fara hawa. Matakalar duwatsu ce da gansakuka ya rufe, yau kuma ta zama rafi, ruwa ja yana gangarowa ta tsakiyarta. Suna shiga dajin haske ya ragu. Itatuwan sugi sun tsaya a jere, dogaye, kawunansu sun ɓace cikin hazo, ruwa yana ɗiga daga sama duk da ba a yin ruwa. Tun ba a je ko'ina ba Tokie ta ji gorar na cin tafin hannunta. Mutumin da Bunta ya ce kaza ta fi shi, sai ga shi kamar an cika bargon da duwatsu. Duk sa'ad da na gaba suka hau mataki, nauyin duka ya gangaro kanta ita da Sakuji.

"Ku riƙe dama," Genzo ya ce, idonsa a rufe. "Akwai rami a hagu bayan wancan kututturen."

"Kai da idonka a rufe?" in ji Sakuji.

"Bayana ne ke gani."

Suka sauke shi suka huta. Suka ɗauka, suka yi 'yar tafiya, suka sake saukewa. Isamu ya cire hular kwano, kansa yana tururi. Bunta ya sunkuya yana ɓanɓare matsattsaku daga ƙwaurinsa.

"Auta," in ji Genzo, "ka san ta nan muka ɗauki uwarka, da cikinka, kafin a yi hanyar mota? Naƙuda ta gardama. Ni da ubanka da wasu biyu. Cikin dusar ƙanƙara. Ba mu sauke ta ba har gada."

"Na ji labarin nan sau ɗari, Baba."

"To ka biya bashi mana. Ku kuwa daga nan zuwa can sai ku zube kamar tsofaffin awaki."

"Ai tsofaffin awakin ne," in ji Sakuji.

Suka yi dariya, har shi Genzo, amma dariyar ta zame masa tari, tarin kuma ya bar shi yana kama iska da baki kamar kifin da aka jefo tudu. Tokie ta goge masa fuska da bakin ɗankwalinta. Leɓensa sun fara yin shuɗi. Ba wanda ya ƙara yin wasa. Suka kama gora.

Rana ta kusa tsakiya, in da ana ganinta, lokacin da gwiwar Sakuji ta ƙi. Tokie ta ji wani ɗan ƙas a gefenta, sai ta ga mutumin ya tafi ƙasa gaba ɗaya. Gorar ta karkace, Genzo ya zamo, ita kuwa ba ta san lokacin da ta saki nata bakin ta tare shi da ƙirjinta ba. Suka zube tare cikin taɓo, kansa a kan cinyarta.

"Ka yafe ni, Yaya," Sakuji yake ta faɗa, yana riƙe da gwiwa, hawaye na bin kumatunsa. "Ka yafe ni. Ƙafar ce. Ƙafar banza."

"Yi mini shiru. Ka taɓa ganin an yi wa ƙafa faɗa ta ji?"

Akwai wani ɗan ɗakin bauta a kan tudun, gaba kaɗan, ana hango jar ƙofarsa cikin hazo. Bunta ya kama bakin baya shi kaɗai, Isamu da Tokie suka kama gaba, suka ja, suka tura, suka yi rarrafe, har suka kai shi ƙarƙashin rumfar ɗakin suka kwantar a kan katako busasshe. Sakuji ya biyo su da jan gindi. Daga nan rabin tafiya ne. Bunta ya ce bari ya leƙa gaba ya ga yadda hanyar take.

Bai daɗe ba ya dawo. Ya yafito Isamu da Tokie da hannu.

Bayan kwanar da ke gaba babu hanya. Gefen tudun ya sulluɓe tun daga sama, ya bar jar ƙasa tsirara, itatuwa kuma sun faɗo sun hau kan juna birjik, kamar an zazzage kwalin ashana. Saiwoyinsu na kallon sama. Ruwa na kurɗawa ta ƙarƙashinsu yana ƙara. Mutum ɗaya mai lafiya zai iya kutsawa, ya hau wannan ya bi ƙarƙashin wancan. Da mara lafiya a kan gora kuwa, ko a mafarki. Komawa gida ma ba ta yiwuwa, da mutum uku a gangare mai santsi, ga Sakuji ba ƙafa. Gaba kura, baya siyaki.

"Da ma mun zo da injin yanka," Bunta ya fara.

"Kwana nawa za ka yi kana yanka?" in ji Isamu. Wannan karon ya ji sarai.

Da suka koma, Genzo ya dubi fuskokinsu ya gane. "Itatuwan sun faɗi ko? Na bayan kwana?"

"Sun faɗi," in ji Tokie.

"Layinmu ne. Ni da mijinki muka dasa su, Amarya, shekarar da aka kawo ki. Hukuma ta ce a share kurmi a dasa sugi, in sun girma jikoki za su ci arziki." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Sun girma. Ba mai saye, ba mai sara, ba jikokin. An bar su sun cunkushe, saiwarsu ba ta kama ƙasa. Na sha faɗa."

"Ka sha faɗa. Yanzu ka yi shiru ka huta."

Sai wayar ta yi ƙara a aljihunta, duk suka zabura. Ashe a kan tudun tana kamawa. Chizuru ce, tana haki, ana jin takun mutane da ƙarar ruwa a bayanta. Ta ce ma'aikatan agaji sun taso da ƙafa daga wajen gada, ita ma tana biye da su, sun hana ta ta ƙi. Tokie ta gaya mata inda suke, sannan ta ɗora wayar a kan bargon, kusa da kunnen Genzo.

"Baba?"

"Na'am. Ke kuma wa ya ce ki taso cikin wannan masifa?"

"Baba, kar ka yi magana da yawa. Ga mu nan tafe. Akwai mai magani a cikinsu."

"Wane takalmi ne a ƙafarki?"

"Na zuwa ofis."

"Ash-sha. 'Yar mai saran itace guda." Ya rufe ido. "Saurara. In kun zo rafin da ke gindin tudu, kar ki taka baƙin dutsen nan mai faɗi, santsi gare shi. Ki bar mazan su wuce, ki sa ƙafa inda suka sa."

"To, Baba."

"Kin ci wani abu?"

"Baba, ka jira ni. Ka ji? Ka jira ni."

"To ina za ni? Ga masu gadi huɗu sun sa ni a tsakiya."

Ta fara cewa wani abu game da ranar da ta tafi ba sallama, sai muryar ta yayyanke, ta ɗauke. Tokie ta ɗaga wayar sama, ta juya gabas ta juya yamma, ba ta dawo ba.

"Ƙyale ta," in ji Genzo. "Na san abin da za ta ce."

Bunta ya ɗaure igiyar takalminsa ya ce zai kutsa ta cikin itatuwan ya tare su, ya nuna musu inda ya fi sauƙin bi. Suka bi shi da kallo har hazo ya haɗiye jar rigarsa.

Daga nan sai jira. Isamu ya je gaban ɗakin bautar ya ja igiyar ƙararrawar da ke rataye a wurin, ya sunkuya, ya tafa hannu, ya daɗe a tsaye kansa a ƙasa. Sakuji ya matso ya cire wa Genzo takalma, ya sa ƙafafunsa a cikin rigarsa yana murzawa. Tokie ta tuɓe rigar ruwanta ta ƙara masa a kan bargo. Ta tsiyaya shayi a murfi ta kai masa baki, ya kurɓi kaɗan, sauran ya bi gefen bakinsa. Ta riƙe hannunsa. Hannu ne kamar ɓawon icce, yatsa ɗaya guntu ne tun wani hatsarin zarto, ga shi yanzu ba ƙarfi ko na riƙe nata. Ta yi ta tunanin ko akwai wani abu da ake yi wanda ba ta sani ba, wani wurin da ake dannawa, wani ganye. Ta yi jinyar surukanta biyu da mijinta, amma kullum akwai mota a ƙofa, akwai likita a ƙarshen hanya. Yau ba ta da komai sai shayi da hannu.

"Sanyi," ya ce.

"Na sani."

"Yae ba ta son wurin nan. Wai matakalar ta yi yawa." Can kuma ya ce, "Sun iso?"

"Sun kusa."

"Ke ma kin iya ƙarya ashe."

Numfashinsa ya koma wani iri, ya ja da ƙarfi sau biyu uku, ya tsaya, har sai ta ɗauka shi ke nan, sannan ya dawo. Tana ta kiran sunansa a hankali. Wani tsuntsu ya yi kuka a can ƙasa. Sai daga nesa, ta wajen itatuwan da suka faɗi, aka busa usur.

"Yaya Genzo! Ka ji? Ga su nan! Isamu, ka amsa musu!"

Isamu ya kama igiyar ƙararrawar ya yi ta kaɗawa da duk ƙarfinsa. Tokie ta juyo don ta ɗago kan Genzo ya ji da kyau. Idanunsa a buɗe suke kaɗan, suna kallon rufin rumfar. Ta jira numfashin ya dawo. Ta ƙara jira.

"Isamu," ta ce. Bai ji ba. "Isamu!"

Ya saki igiyar ya zo ya durƙusa, ya ɗora hannuwansa a ƙirjin Genzo yana dannawa kamar yadda aka taɓa koya musu da mutum-mutumin roba a ɗakin taro. Bai yi nisa ba ƙarfinsa ya ƙare. Sakuji ya ja jiki ya karɓa, a kan gwiwa ɗaya, yana dannawa yana cewa, "Tashi mana, Yaya, tashi mana, kai da ka ce za ka jira." Tokie ma ta karɓa. Ta ji ƙashin ƙirjin yana lotsawa a ƙarƙashin tafinta, ta ji kamar zalunci take yi. Suka yi ta juyawa a tsakaninsu har ba wanda ya iya ɗaga hannu. Usur ɗin yana ta matsowa, amma a hankali, a hankali.

Tokie ce ta fara zama. Ta shafa idanunsa ta rufe. Ta jiƙa bakin hankicinta da sauran shayin ta shafa masa a leɓe, kamar yadda suke yi wa wanda ya cika, ta miƙa wa Isamu ya shafa, ya miƙa wa Sakuji. Ta gyara masa hular da ta karkace.

Da mutanen suka ɓullo, su shida ne cikin kaya ruwan goro, matasa, laka har ƙugu, Bunta yana gaba. Chizuru tana bayansu, takalmi ɗaya a hannu, ɗayan babu, safarta ta yage, jini a ƙwaurinta. Ta ga yadda tsofaffin suke zaune, ta tsaya cak. Mai maganin ya durƙusa ya buɗe jakarsa, ya manna wasu wayoyi a ƙirjin Genzo, ya duba idonsa, ya yi abin da zai yi. Bayan wani lokaci ya janye hannunsa ya sunkuyar da kai.

Chizuru ta zo ta durƙusa. Ta taɓa kumatun mahaifinta da bayan hannu.

"Da ɗuminsa," ta ce. "Mama Tokie, da ɗuminsa. Ya daɗe?"

"Bai daɗe ba."

"Ya ji mu? Ya san mun zo?"

Tokie ba ta sani ba. Ta tuna idanun nan da ke kallon rufi. Ta ce, "Ya ji usur ɗin."

Sai a lokacin Chizuru ta kifa fuskarta a kan bargon. Bunta ya juya baya ya tafi gindin wani icce ya tsaya.

Shugaban ma'aikatan ya bari ta ɗan lafa, sannan ya ce cikin ladabi za su sauka da shi ta wajen gada, domin sai likita ya gan shi a asibiti kafin a yi komai.

"Gidansa yana nan ƙasa," in ji Tokie. "Ga shi nan kusa. Ku bari ya kwana a ɗakinsa ko dare ɗaya ne, mu yi masa zaman daren da ake yi wa kowane mamaci. Mutanen garin ba su yi masa sallama ba."

Saurayin ya sunkuya sosai. "Ki gafarce mu, Mama. Ba a hannunmu yake ba."

Ta dubi Isamu, Isamu ya dubi ƙasa.

Suka mai da shi kan nasu gadon mai ɗamara, suka ɗaure. Huɗu daga cikinsu suka ɗaga shi sama kamar ba komai a ciki, suka nufi itatuwan, suna miƙa wa juna shi ta kan gungume, ɗaya yana ba da umarni. Chizuru ta rungume Tokie, da ta juya za ta tafi ta ce, "Tagogin gidan, Mama. In an samu rana." Tokie ta tuɓe takalmanta na roba ta ba ta, ta ce ita gangara kawai za ta yi, kuma akwai na Genzo.

Biyu daga matasan suka raka su gida, ɗaya ya goya Sakuji a baya kamar jariri. Tokie tana tafe cikin takalman Genzo da suka yi mata yawa, Bunta na ɗauke da gorar nan biyu da bargon a kafaɗa. Suna kaiwa maƙabarta hazon ya fara tsagewa, har rana ta leƙo a kan rufin gidaje. Isamu ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ja tsaki, ya ci gaba da tafiya.

Washegari Chizuru ta bugo. Jibi za a ƙone gawar bisa al'adarsu, a birnin da ke can ƙasan kwari. Hanya kuwa an ce sai an yi makonni. Ba wanda zai je daga Sugidani.

Tokie ta dawo daga filin makaranta ta shiga gidan Genzo. Ta zuge tagogin katako ɗaya bayan ɗaya, haske ya shigo kan tabarmin ɗakin. Ta naɗe shimfiɗarsa ta sa a ma'ajiya. A madafa ta tarar da tukunya a rufe a kan murhu. Ta buɗe. Shinkafa ce ya wanke ya jiƙa jiya da safe, ta mutum ɗaya, ta sha ruwa ta kumbura ta yi fari. Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tsiyaye ruwan, ta ɗauraye, ta zuba sabo, ta kunna gas.

Da ta nuna, ta ɗebi kaɗan a ɗan ƙaramin kwano ta ajiye a gaban hoton Yae, ta kunna turaren tsinke. Sauran ta juye a kwanonsa ta fito bakin baranda ta zauna, ƙafafunta na lilo. Can ƙasan kwari an fara jin ƙugin motar haƙa ƙasa, yana zuwa yana ɗaukewa. Ta riƙe kwanon da hannu biyu a kan cinyarta, tururin yana tashi.